Ranar da Muka Ce Masa Inna Ba Lafiya

Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta kira sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu, can wani ƙauye a gefen Sule Tankarkar, uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama su yi hira. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. A ɗakinta ya tashi, yana jin ƙannen Inna suna ce mata Adda, shi ma ya bi sahu. Mu da muka biyo baya muna cewa Inna, shi yana cewa Adda. Ita kuwa in maganarsa ta kama ta dole sai ta ce "wancan", ko "yayanku". Da ya sayi babur ta samu sauƙi, ya koma "mai babur".

Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Kullum da hantsi akwai ƙwaryar fura da Inna take ɗorawa a kan katangar da ke kusa da zaure, ta rufe da faifai, ba ta cewa ta wane ne, kuma ba wanda ya isa ya taɓa. Babura goma za su wuce ta bayan gida ba ta ɗaga kai ba, amma nasa tun yana can wajen gonaki za ka ga ta miƙe ta shige ɗaki, wai tana neman wani abu. Shi kuma ya shigo, ya gaida labulen ɗakinta, ya ɗauki ƙwaryarsa. Haka suka yi shekara talatin da wani abu, kuma su biyun sun gane yaren juna.

Ni ce ta uku, ni ce kuma wadda aka bari ta yi boko har ta zama malamar firamare a Gumel. Wannan ya sa na ɗauki kaina mai wayon gidan. Ina da saurin fushi da saurin baki, ban iya jira ba. Ko tukunya ce a kan wuta sai na buɗe ta sau biyar.

Yaya yana acaba tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, wani lokaci har tsallaken iyaka. Hanyar yashi ce, kuma ba mutane kaɗai yake ɗauka ba: buhu biyu na gero, ko tumaki a ɗaure, ko mutum uku da kayansu. Bayansa ya fara ciwo, wani abokin sana'a ya ba shi ƙwaya ɗaya, tiramol, ya ce ai kowa da ita yake aiki. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma abin da ban sani ba. Mu dai mun ga ya rame, leɓensa kullum a bushe, yana yawan susar wuya, kuma mutumin da da yake tsokanata har in yi kuka ya koma in ka yi masa magana sai ya dube ka kamar daga nesa kake. Furar Inna ta fara kwana a kan katanga.

Sai ranar da ya faɗi. A bakin kasuwar dabbobi ta Maigatari ne, yana tafe a hankali, Allah ya taimaka. Waɗanda suka gani sun ce kawai sandarewa ya yi a kan babur, ya kife, yana karkarwa, kumfa na fita a bakinsa. A asibiti aka ce mana ƙwayar ce take kawo wannan, kuma zai sake. Ban buƙaci kowa ya ƙarasa mini ba. In ta same shi a kan kwalta, da gudu, ga manyan motocin shanu a bayansa, gawa za a kawo mana. Daga ranar, duk kiran da ya shigo wayata daga baƙuwar lamba sai gabana ya faɗi.

Mahaifinmu ya rasu da daɗewa, don haka ƙaninsa, Baffa, shi ne babba. Ya tara mu ya ce nasiha ta ƙare, a nemo wanda ya san aikin. Yana da wani malami a wajen Gagarawa da aka ce yana gyara irin waɗannan. Na ce a bar ni in je in gani da idona kafin a yanke, ni zan zaɓo. Baffa ya ce, "To, Malama, tunda ke ce mai takarda." Na ji zolayar da ke ciki, na yi kamar ban ji ba.

Wajen na Gagarawa na fara zuwa. Daga tasha sai da aka ƙara tafiya a babur cikin gonakin riɗi. Gida ne mai doguwar katanga, ba allo ba alama, don tun da hukuma ta fara rufe irinsu suka daina tallata kansu. Abin da ya fara damuna shirun wurin. An ce mini akwai maza fiye da ashirin a ciki, amma ko tari ban ji ba. Can sai na ji wani abu yana jan ƙasa, kacau, kacau, a hankali, ya wuce ta bayan katanga. Mai gidan ya karɓe ni a zaure da fara'a. Bai tambaye ni abin da Yaya yake sha ba, bai tambayi shekarunsa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Mutum nawa za su iya riƙe shi?" Na ce zan yi shawara. Har na hau babur ina jin kacau ɗin nan a kunnena.

Na biyu wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini shi. Tsohon nas ne da ya yi shekaru a ɓangaren masu taɓin hankali, ya yi ritaya, yana zaune a wani lungu a Gumel yana kiwon tantabaru. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, da wata tsohuwar riga, yana gyara fitila. Ban ga takarda ko ɗaya a bango ba, kuma a raina na ce wannan ai shi ma taimakon yake buƙata.

Ya riƙe ni kusan awa biyu da tambayoyi. Yaushe Yaya yake cin abinci. Da wa yake dariya. Yana sallah ko ya bari. Yaushe rabon da wani ya zauna da shi ba don faɗa ba. Na gaji, na ce, "Baba, ni fa magani na zo nema, ba tarihi ba."

Ya yi murmushi. Ya ce maganin yana asibiti, kuma ba a yanke wannan ƙwayar rana ɗaya, a hankali ake janye ta, likita na dubawa. Amma duk wannan sai mutum ya shiga da ƙafarsa. Aikinsa shi, in ji shi, shi ne ya shirya 'yan gida, a zauna da mutum da rana tsaka lokacin da kansa yake daidai, kowa ya faɗa masa abin da ya gani da abin da yake tsoro, ba zagi, ba gori. Daga nan a ce masa ga mota, ga asibiti, mu je tare.

Sannan ya ce, "Wa ya fi so a duniya?"

Na ce, "Mahaifiyarmu."

"To ita za ta yi magana."

Na yi dariya, dariyar takaici. Na ce masa ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa.

Ya ajiye fitilar. Ya ce, "Ni ma ɗan fari ne, Malama. Na san abin da kike nufi. Ban ce ta keta al'ada a bainar jama'a ba. Ko ta bayan labule ne, ko ta juya masa baya, amma ya ji daga bakinta cewa tana tsoron a kawo mata gawarsa. Zan je in zauna da ita, ko sau goma ne. Zai ɗauki lokaci."

"Kamar nawa?"

"Wata biyu, wata uku. Allah ne masani."

Na miƙe ina gyara mayafi. Wata uku! Mutumin da kowace safiya yake hawa babur. Har na kai bakin lungu ya kira ni. Ya ce, "Duk wanda za ki zaɓa, abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki yi masa ƙarya da ita. Ita kaɗai ce ƙofar da ya bari a buɗe."

Duk da haka na gwada, in dai abin da na yi za a kira shi gwaji. Na je gida ranar Juma'a, na tarar da Inna a tsakar gida tana daka, ga matar Baffa, ga maƙwabta biyu suna tsintar wake. Mai hankali zai jira su watse, ya bi ta ɗaki, ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya. Ni kuwa a nan tsaye, da jakata a kafaɗa, na ce, "Inna, an ce sai kin zauna da ɗanki kin yi masa magana da bakinki, in ba haka ba mutuwa zai yi." Matan suka sunkuyar da kai. Inna ta tsaya da taɓarya a sama. Ta ce, "Ki rufa mini asiri," ta ci gaba da dakanta.

A gaban mutane me za ta ce? Na sa ta a inda ba ta da amsa sai wannan. Amma a ranar ban ga haka ba. Na fita ina huci, ina cewa kunyar banza za ta kashe mana ɗan'uwa, na kuma rufe babin tsohon nas.

Na uku a Gumel yake shi ma, a bakin titi, ofis mai fanka da kujerun roba. Takardu sun cika bango, kowace a cikin gilashi. Yana sanye da farin yadi, ana ce masa Dakta, ban kuma tambayi daktan mene ne ba. Ya nuna mini hotuna a waya: ga mutum a yamutse, ga shi bayan wata huɗu da hula da murmushi. Ya ce su ba sa ɗaure kowa, wannan aikin jahilai ne. Suna da gida na musamman, da gado, da abinci sau uku. Farar motarsu tana ƙofar ofis, gilasanta baƙaƙe. Ya yi magana irin wadda nake so, da sauri, da tabbaci, har da Turanci jefi-jefi. Na ji na zo wurin 'yan'uwana masu ilimi.

Na ce, "Amma ba zai yarda ya biyo ku ba."

Ya ce, "Ba wanda yake yarda, Hajiya. Wannan namu ne. Ke dai ki kawo mana shi wuri ɗaya. Wa ya fi so a duniya?"

Tambayar da tsohon ya yi mini ce, kalma da kalma. Duk da haka na amsa.

Ya ce, "Shi ke nan. Ki kira shi ki ce ba ta da lafiya, ya zo yanzu-yanzu."

Na tuna maganar bakin lungu. Na tuna sarai, ba zan ce na manta ba. Sai na ce wa kaina ƙaryar minti goma ce, kuma ta fi gawa. Har na ga wani alheri a ciki: Inna ba sai ta buɗe baki ba, an raba ta da abin da ya fi ƙarfinta. Baffa ya amince nan take. Muka yanke ba za a gaya mata ba.

Ranar Alhamis muka sa, ranar kasuwar Maigatari, don mun san inda Yaya yake. Farar motar ta zo da hantsi, aka ɓoye ta bayan rumbunan Baffa. Maza huɗu suka shiga ɗakin da ke jikin zaure. Ban ga Daktan ba, ya ce yana da taro. Inna tana tsakar gida tana kaɗa nono, ta dube ni ta ce yau ba makaranta ne? Na ce an ba mu hutu. Ƙwaryar fura tana kan katanga.

Na fita bayan gida na kira Yaya. Ya ɗauka, hayaniyar kasuwa a bayansa. Na ce, "Yaya, Inna ce. Ta faɗi. Ka zo yanzu." Ban san na iya kukan ƙarya ba sai ranar. Bai tambayi komai ba. Na ji yana ce wa wani, "Sauka, sauka, ka nemi wani," sai wayar ta mutu.

Tafiyar da take cin fiye da awa, ban san yadda ya yi ta ba. Tun daga gonaki Inna ta ji injin, ta ɗaga kai, don ba lokacin zuwansa ba ne. Ta yunƙura za ta shige ɗaki kamar kullum, amma ya riga ta. Ya faɗo gidan ko sallama babu, ƙura har gira, da leda a hannu cike da lemo. A wannan gudun ya tsaya ya saya mata lemo. Yana cewa, "Ina Adda? An kai ta asibiti ne?"

Sai ya gan ta zaune, lafiya ƙalau, da goran nono a cinya. Ta kawar da kai, yadda ta saba. Ya dube ta, ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane.

Suka fito su huɗu. Da farko bai yi kokawa ba, mamaki ya riƙe shi, sai da ya ga igiya. Mutanen da ba sa ɗaure kowa, da igiyarsu suka zo. Suka kayar da shi a ƙofar zaure, ɗaya ya danne wuyansa da gwiwa, ɗaya ya caka masa allura a cinya ta saman wando. Lemo ya watse a tsakar gida. Maƙwabta suka cika ƙofa, Baffa yana cewa a yi a hankali. Shi kuwa Yaya ba ni yake kallo ba, ba Baffa ba. Kansa a ƙasa, ya murɗa wuya wajen Inna yana ihu: "Adda! Adda, da saninki? Adda!"

Ina kusa da ita, na gani. Hannunta ya saki goran. Bakinta ya buɗe. Ta dubi ƙofa, ga rabin ƙauye. Shekara talatin da wani abu ba ta taɓa amsa masa a gaban mutane ba, kuma ba a ba ta ko minti ɗaya ta shirya ba. Ba ta ce komai ba. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa. Ya daina ihu tun kafin allurar ta kama shi.

Da motar ta tafi, Inna ta bi lemon ɗaya bayan ɗaya ta tsince, ta kai ɗaki. Ta fito ta rufe babur ɗin da tabarma. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Wata biyu ba ta kalle ni ba, ba ta kira sunana ba. Ƙanwata ta ce, "Ke ma kin zama 'yar fari." Ba wanda ya yi dariya.

Sun ce ba ziyara sai bayan kwana arba'in. Da na je, gidan yana bayan gari, katanga doguwa, kuma shirun da na tarar na san shi. Aka fito da Yaya wani ɗaki mai labule, an aske shi ƙwal, an sa masa sabuwar hula. Duk abin da na tambaya sai ya ce, "Lafiya lau, ranki ya daɗe." Yayana da yake ce mini mai bakin tsiya, yau ni ce ranki ya daɗe. Da ya miƙe zai koma wandonsa ya ɗage. Na ga idon sawunsa duka biyu, fata ta saɓule ta yi zobe. Na bi ma'aikacin da masifa, ya ce sauro ne yake sosawa. Ashe abin da na gudo daga gare shi a Gagarawa shi na saya a Gumel, an dai sa masa fanka da takardu. Na ce a ba ni ɗan'uwana, aka ce sai Dakta, Dakta kuma kullum yana taro. Baffa ya ce a bari a ƙarasa, an riga an fara. Na bari. Wannan ma nawa ne.

Bayan wata huɗu suka sake shi. Ya zo ƙauye, ya yaye tabarmar, ya tura babur ɗinsa waje, bai shiga ya gaida labule ba, bai dubi katanga ba. Ya koma Maigatari da zama, wani lokaci a ce yana tsallake. Kafin damina ta kama aka ce ya koma wa ƙwaya, fiye da da.

Na koma lungun tantabaru da kunyata. Na shirya jin "ai na gaya miki", tsohon bai faɗa ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, bari mu ga abin da ya rage." Ya fara zuwa Maigatari duk Alhamis, ya zauna a teburin mai shayin da 'yan acaba suke taruwa, ba ya wa'azi, ba ya kawo maganar asibiti. A hankali Yaya ya fara zama kusa da shi, har ya karɓi lambarsa. Ya kuma je ƙauyenmu sau huɗu. Yakan zauna a ƙofar ɗakin Inna lokacin da gida ba kowa, yana magana kamar da bango yake. A zuwa na huɗu ta amsa daga ciki. Ta ce, "In ya zo zan faɗa." Abin da na ce ba zai taɓa yiwuwa ba, zama huɗu ya ci.

Tsohon ya kai masa saƙon. Yaya ya ce, "Baba, ina ganin girmanka. Kada ka sake ce mini in je gidan nan."

Shekara ta zagayo, Inna ta kwanta da gaske. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi wuya, muka kawo ta asibiti a Gumel. Likita ya ja ni gefe ya ce a kira duk wanda ya kamata a kira. Na kira Yaya. Ya ɗauka, ya saurare ni har na gama, da kukana, na gaske wannan karon, wanda a waya bai da bambanci da wancan. Ya ce, "Wace mota kuka kawo yau?" Ya kashe. Ƙannena suka kira, ya daina ɗauka. Tsohon nas ya je Maigatari, aka ce Yaya ya tsallaka iyaka tun shekaranjiya.

A rana ta uku bayan la'asar, ɗakin cike yake: Baffa, matarsa, ƙannen Inna, da masu jinyar gadajen kusa. Inna ta yi mini alama da hannu a kunne. Na ce ba ya ɗaukar kiranmu. Tsohon yana tsaye a ƙofa, ya ciro wayarsa. Ya ce, "Tawa yana ɗauka." Na san abin da yake sakawa a caca, shi ma ya sani.

Ya kira, ya ƙara murya yadda za a ji. Yaya ya ce, "Baba, ina wuni." Tsohon ya ce, "Ga mahaifiyarka," ya miƙo mini. Na kai wayar bakin Inna. Na ce a ba mu wuri, ta girgiza kai, ba ta damu da wanda ke nan ba. Ta ja numfashi, ta kira sunansa.

Ban taɓa jin sunan a muryarta ba, sai na ji kamar sunan wani ne. Muryar ma ciwo ya cinye ta, ta dushe, ba ta yi kama da tata ba. Ƙannenta suka rufe baki da mayafi. Baffa ya dubi ƙasa.

 Sai Yaya ya ce, a hankali, "Baba, har da kai? Adda ba ta kiran sunana. Ku gaya wa wadda kuka sa ba ta iya ba." Ƙit.

Kunnen Inna ya yi nauyi a kwanakin, ba ta ji abin da ya ce ba, ba ta kuma san an kashe ba. Ta sake kiran sunan. Ta sake. Sannan ta ce, "Ba da sanina ba ne. Ka zo gida." Ina riƙe da wayar da ba kowa a cikinta, ba wanda ya yi motsi a ɗakin. Ta ɗago ido ta dube ni. Ta ce, "Ya ji?"

Na ce, "Ya ji, Inna."

Washegari da hantsi ta cika.

Ranar sadakar uku Yaya ya zo. Wani dillalin shanu ne ya yi masa ta'aziyya a kasuwa, a haka ya sani. Bai shigo ba. Ya tsaya can bakin hanya ƙarƙashin aduwa, a kan babur, injin na aiki, fuskar babur ɗin tana kallon arewa. Maza suna zaune a ƙofar gida kan tabarmi, ba wanda ya iya tashi. Tun da safe na dama fura a ƙwaryar Inna na ɗora a kan katanga, ban san dalili ba. Na ja mayafi na fita wurinsa.

Ya rame har ban so kallonsa ba. Idonsa yana kan zauren, yana duba bayan rumbuna.

Na ce, "Ba kowa, Yaya. Wallahi ba kowa."

Ya ce, "A wayar nan. Ita ce?"

"Ita ce."

Ya ce, "Sau nawa ta faɗa?"

"Sau uku. Ka kashe a na farko."

"Daga nan fa?"

"Ta ce ba da saninta ba ne. Ta ce ka zo gida." Na ƙara da abin da ya kamata in faɗa tun shekara biyu: "Ni ce, Yaya. Ni na zaɓo su, ni na shirya. Ba ta san komai ba."

Ya daɗe yana kallona. Na so ya mare ni, na so ya zage ni da sunan da yake zagina da shi muna yara. Ba fushi a fuskarsa, abin da na gani ya fi fushi ban tsoro. Yana son ya yarda, yana nema a fuskata, bai samu wurin kamawa ba.

Ya ce, "To yanzu ta yaya zan san ba ƙarya kike ba?"

 Ya sa hannu a aljihun gaba, na ji ƙarar ɓalle ƙwaya daga takardarta, ya jefa a baki ya haɗiye ba ruwa. Ya taka giya ya hau hanyar Maigatari, inda motocin shanu suke fitowa. Na tsaya ina sauraron injin har ya wuce gonaki, yadda Inna take yi.

Furar tana kan katanga har yamma. Kaji ne suka ture faifan suka sha.